Kwamfuta ce ta karanta hoton ƙirjin mahaifina: shin za a iya dogara da ita wajen gano tarin fuka?

Baban Sadiq:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman ƙarin haske daga waɗanda Allah ya ba ilimin harkar lafiya a cikinku. Ranar kasuwar garinmu da ta wuce wata babbar motar ma'aikatan lafiya ta tsaya a bakin tasha, ana shela da lasifika cewa a zo a yi hoton ƙirji kyauta domin binciken tarin fuka. Mahaifina, wanda ya haura shekara 65, ya bi layi tare da abokan zamansa na rumfa. Ya ce an sa shi ya manna ƙirjinsa da wani allo, aka ce ya ja numfashi ya riƙe, kuma kafin ya gama mayar da rigarsa hoton ya bayyana a fuskar kwamfuta, da lamba 74 a gefe, ga kuma wani wuri a saman huhun dama da ya yi ja. Matashin da ke aikin ya gaya masa cewa kwamfuta ce ta karanta hoton, sannan ya ba shi wata 'yar roba mai murfi ya kawo kaki.

Baba ya dawo gida ya ajiye robar a kan taga, ya ce ba inda zai kai ta, domin babu likitan da ya duba shi, kuma na'urar da ko tambayarsa ba ta yi ba ko yana tari, ba ita za ta ɗora masa ciwo ba. Gaskiya ba ya tari sosai, sai dai ya ɗan rame a watannin nan, kuma ya taɓa yin tarin fuka wajen shekara 20 da suka wuce, ya sha magani har ya gama. Don Allah, mene ne ma'anar wannan lamba? Kuma da gaske kwamfuta tana iya aikin likita a irin wannan?

Abu Hafsa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ɗaukar hoton ƙirji shi ne sana'ata, kuma na yi aiki da irin wannan manhaja, saboda haka zan faɗi abin da na sani.

Da farko, lamba 74 ba ta nufin an tabbatar Baba yana da tarin fuka, ba ta kuma nufin kashi 74 cikin ɗari na huhunsa ya lalace. Manhajar wani nau'i ne na ƙirƙirarriyar basira da aka horar da ita da ɗimbin hotunan ƙirji, na masu cutar da na marasa ita, har ta koyi siffar da huhu mai ciwo yake nunawa. Idan aka ba ta sabon hoto sai ta ba shi maki, galibi daga 0 zuwa 100, gwargwadon yadda ya yi kama da na masu tarin fuka, ta kuma shafa launi a wurin da ya ja hankalinta. Masu gudanar da shirin su ne ke tsayar da iyaka, duk wanda makinsa ya wuce ta sai a nemi kakinsa. Aikinta kamar na rariya ne a hannun mai tankaɗe: ta ware waɗanda suka cancanci a ƙara bincikarsu daga cikin ɗaruruwan da suka bi layi. Hukuncin yana wajen gwajin kaki da likita.

Kuma abin ba gwaji ake yi a kan mutanenmu ba. A watan Maris na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da irin waɗannan manhajoji a madadin mutum wajen karanta hoton tantance tarin fuka ga masu shekara 15 zuwa sama, bayan an auna guda uku: CAD4TB na kamfanin Delft da ke ƙasar Holan, da qXR na kamfanin Qure.ai a Indiya, da Lunit na Koriya ta Kudu. An ga cewa a wannan aiki guda ɗaya suna kamanta abin da ƙwararrun masu karanta hoto suke yi. Dalilin da ya sa muke bukatarsu kowa ya san shi: ƙwararren likitan hoto sai a manyan asibitocin birni, kuma a da sai an tara hotuna an aika masa, a jira kwanaki, kafin nan mai hoton ya koma ƙauyensa ba a sake ganinsa ba.

Game da cewa Baba ba ya tari, wannan ne ma amfanin hoton. Binciken da aka yi gida-gida a ƙasashe da yawa ya nuna cewa kusan rabin waɗanda aka samu da ƙwayar cutar a kakinsu ba su kawo kukan tari mai tsawo ba. Sai dai akwai wani abu da ya shafi Baba kai tsaye: tsohon tarin fuka yakan bar tabo a huhu, musamman a samansa, kuma manhajar ba ta cika bambanta tabo da sabon ciwo ba. Mai yiwuwa tabon shekara 20 ta gani. Mai yiwuwa kuma ciwon ne ya dawo. Babu mai raba wannan gardama sai robar nan da ke kan taga.

Maman Ilham:

Baban Sadiq, ni a ɗakin gwaje-gwaje nake, wurin da robar za ta zo, kuma ina roƙonka kada ka bari ta ƙara kwana a tagar nan babu komai a ciki.

Na'urar da muke gwada kaki da ita sunanta GeneXpert, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun ƙarshen 2010. Muna haɗa kakin da wani ruwa, mu zuba a cikin wani ɗan ƙoƙon roba da bai fi cikin tafin hannu ba, mu saka a na'urar, cikin sa'o'i biyu ko ƙasa da haka ta nemo ƙwayar halittar cutar. Ba nan kaɗai ta tsaya ba, tana kuma faɗa mana ko cutar ta bijire wa rifampicin, wanda yake cikin manyan magungunan da ake ba mai tarin fuka. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga wanda ya taɓa shan magani a baya, domin a cikinsu aka fi samun mai bijirewa. A da da madubin ƙara girma muke dubawa, kuma sai ƙwayoyin sun yi yawa sosai ido yake kama su.

Abin da yake ɓata mana aiki kullum shi ne a kawo mana yawu a maimakon kaki. Da asuba, kafin ya ci komai, Baba ya kuskure baki da ruwa, ya fita tsakar gida inda iska take, nesa da yara, ya ja dogon numfashi sau biyu ko uku, sannan ya yi tari daga can cikin ƙirji ya tofa a robar, a rufe ta gam, a kai a ranar. Ku gaya wa ma'aikacin da zai karɓa cewa ya taɓa shan magani da kuma shekarar da ya gama, a rubuta a takarda.

Idan an samu cutar, maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, wata shida ga wadda ba ta bijire ba: wata biyu ana shan magunguna huɗu a haɗe, wata huɗu kuma guda biyu. Fitsarinsa zai koma ja-ja, kada ku tsorata, aikin rifampicin ne. Idan kuma ba a samu ba, kada ku ce shi ke nan. Dattijon da yake ramewa kuma hotonsa ya nuna wani abu ya kamata likita ya duba shi da hannunsa, domin huhu yana da wasu cututtukan ban da wannan.

Ɗan Birni:

Malam Abu Hafsa da Hajiya sun yi bayani mai gamsarwa, amma ni ina da ƙorafi, kuma ina ganin Baba bai yi kuskure gaba ɗaya ba. A bara an yi wa gwaggona irin wannan hoto, aka karɓi kakinta, muka yi ta zarya sati uku ana ce mana na'urar gwajin ta tsaya, yau babu wuta, gobe ana jiran mai gyara. Kwamfutar ta yi nata aikin cikin minti guda, mu kuma muka zauna da fargaba, ga jikoki suna kwana a ɗakinta. Idan an kawo fasahar da ke gano mutane da sauri amma ba a tanadi abin da zai biyo baya ba, an ƙara wa talaka damuwa ne kawai.

Na biyu, ina hotunan nan suke tafiya? An rubuta sunan mutum da shekarunsa da lambar wayarsa. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Najeriya a 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman, amma ban ga an yi wa gwaggona bayanin komai ba kafin a ɗauka. A garuruwanmu, idan aka ji mutum yana da tarin fuka, har kwanon abincinsa ake warewa.

Maman Ilham:

Ɗan'uwa, ƙorafinka na farko gaskiya ne, kuma mu ma yana ci mana rai. GeneXpert tana son wutar da ba ta yankewa da ɗaki mai sanyi, zafin bazara da ƙurar hunturu kuwa suna kashe sassanta. Shi ya sa ake sa wa wasu cibiyoyi sola, aka kuma shigo da wata ƙaramar na'ura ta Indiya mai suna Truenat, wadda ke aiki da batir kuma ta fi jure zafi. Shawarata ga duk wanda aka jinkirta wa sakamako ita ce ya tambayi jami'in tarin fuka na ƙaramar hukumarsa ko za a tura kakin wata cibiyar, domin akwai tsarin yin haka. Batun bayanai kuwa, haƙƙin mutum ne ya tambaya wa zai ga hotonsa da sakamakonsa, kuma wajibin ma'aikaci ne ya amsa masa kafin ya tsayar da shi a gaban allo.

Baban Sadiq:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi. Jiya bayan isha'i na karanta wa Baba amsoshinku ɗaya bayan ɗaya. Maganar tabon nan ce ta kama shi, ya yi shiru, sannan ya ce tun wancan lokacin likitan da ya sallame shi ya gaya masa cewa alamar ba za ta goge ba. Da na kai inda Hajiya ta ce akwai mutum a ɗakin gwaji da zai karɓi robar da hannunsa, sai ya ce to, wannan ya yarda da shi.

Yau da asuba ya fita waje ta bayan gidanmu kusa da bishiyar dalbejiya ya yi yadda aka kwatanta, na kai da kaina a kan babur, na sa aka rubuta cewa ya taɓa shan magani. Sun ce in dawo jibi. Hajiya Maman Ilham, kafin sakamakon ya fito, akwai jikokinsa biyu ƙanana da suka saba kwana a ɗakinsa, ɗaya bai kai shekara uku ba. Mu mayar da su ɗakin mahaifiyarsu tun yanzu, ko buɗe tagogi ya wadatar?