Sabon mai kula da kayan tarihi: a wurin wa zai koyi aiki?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan da na kama aiki a wani gidan adana kayan tarihi bayan na kammala digiri, kuma an ɗora mini nauyin shirya baje koli a kan sana'ar rini a Kano. Wanda ya kamata ya horar da ni ya yi ritaya kafin in zo, kuma abin da na karanta a jami'a bai nuna mini yadda ake tunkarar marina ba. Ina roƙon magabata su ba ni shawara: ta ina zan fara?

Tsohon Ma'aikaci:
Wa alaikumus salam, ɗana. Malamanka na farko suna Ƙofar Mata, a bakin karofin da ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Kada ka je musu da takardar tambayoyi a ranar farko, domin sun gaji da masu zuwa su ɗauki hoto su wuce. Ka gaida shugabansu, ka bayyana abin da ya kawo ka, sannan ka yi makonni kana zama da su har ka ga yadda ake haɗa baba da toka, da kwanakin da ruwan yake ɗauka kafin ya nuna, da abin da ake yi da katsi, wato lakar da ke kwanciya a ƙasan ruwan rini, idan an yashe rami. Daga nan ka bi zane zuwa wurin masu bugu, in da hali ka leƙa Kura, garin da ya shahara da turkuɗin da Buzaye ke saye. Duk sunan da suka kira wani abu da shi, ka rubuta shi yadda suka faɗa, domin shi ya kamata ya hau takardar bayani kafin kowace fassara.

Malama Mai Rajista:
Baba, na yarda da maganarka, amma akwai ɓangaren da marina ba za su koya masa ba. Zanen da aka karɓa ba tare da lamba ba, ba a kuma rubuta wanda ya bayar da ko aro ne ko kyauta ba, rigima ce ake ajiye wa na baya, musamman idan magada suka zo nema. Haka kuma hasken rana yana cin launi, danshin damina da gara kuma ba sa barin tufa. Ƙanena, ka nemi gajeren horo a cibiyar koyar da aikin gidan tarihi da ke Jos, ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979, ko ka roƙi wani ƙwararre a gidan tarihi na Gidan Makama da ke Kano ya riƙa duba rajistarka. Sannan ka tuna cewa ɗaurin da ke fitar da ado a jikin zane galibi mata ne ke yin sa a cikin gidaje, saboda haka kana buƙatar abokiyar aiki da za ta shiga ta ji daga bakinsu.

Baƙo Daga Nijar:
A gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, masu sana'ar hannu suna da wurin aiki a cikin harabar, inda baƙi ke kallonsu suna kuma sayen kayansu. Malam, ka tanadi kuɗi a kasafinka domin biyan marinin da zai zo ya yi bayani da kansa, tunda wunin da ya bar karofi asara ce a gare shi.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai. Malama, idan mai zane bai iya karatun boko ba, shin yarjejeniyar aro da aka rubuta da ajami a gaban mai unguwa za ta wadatar?