Akwatin sanda na wasannin faɗa: koyon hannu da sauya kayan ciki

Mai_Kwambo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk wanda ya ajiye fad (abin wasa na riƙewa a hannu) ya koma akwatin sanda irin na aked (injinan gidajen wasa), tambayoyinsa ba sa wuce uku: ya ake riƙe ta, me ya sa duka ba ya fita, kuma me zai sauya a ciki. Mu tara amsoshin wuri guda. Don kada mu ruɗa juna, mu yi amfani da lambobin gefen dama na madannan kwamfuta, a kan cewa ɗan wasanka yana fuskantar dama: 2 ƙasa, 8 sama, 4 baya, 6 gaba, 5 tsakiya, sai 1, 3, 7 da 9 su ne kusurwoyi. Ke nan a wasan Street Fighter, dukan Hadoken 236 ne da naushi, Shoryuken kuma 623.

Tsohon_Aked: Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga sukundireba, a fara da hannu. Riƙo biyu ne suka fi yawa. Ko dai ka sa sandar tsakanin ɗan ƙaramin yatsa da na kusa da shi, tafin hannu na kallon sama-sama, ƙwallon kan sandar yana zaune a cikin yatsu. Ko ka ɗora babban yatsa da manuni da na tsakiya a kan ƙwallon, gefen hannu na kwance a kan murfin akwatin. Kowanne ka ɗauka, gefen hannun kada ya tashi. Yatsu da wuyan hannu ke aikin. Da zarar ka ga gwiwar hannu tana lilo, to ƙarfi ya yi yawa, kuma nan ne 236 ke zarcewa ta zama 2369, ɗan wasa ya yi tsalle a maimakon jifa.

Abin da sabon shiga bai sani ba shi ne, makunnin da ke ƙarƙashin sanda yana ɗaukar umarni tun kafin sandar ta kai bango. Ka matsa ta a hankali ka saurara, za ka ji ƙas tun tana hanya. Wannan ƙarar ita ce ma'auninka. Masu goga sanda a jikin shinge (faifan da ke ƙasan sanda mai iyakance tafiyarta) daga kusurwa zuwa kusurwa suna yin tafiyar da ta fi wadda ake bukata, sannan suna saurin gajiya.

Hauwa_236: Ƙari a kan na Malam Tsohon_Aked: kunna nunin shigar umarni a filin atisaye, kada ka kashe shi. Shi ke raba gardama tsakanin laifin hannu da laifin kaya. Abin da za ka gani kusan kullum ɗaya ne daga cikin waɗannan. Ka so 236, allo ya nuna 26: ka tsallake kusurwa, sandar ta bi ta tsakiya. Ko ya nuna 23 da naushi, 6 ta zo daga baya: hannun dama ya riga na hagu, sai ka jinkirta danna maɓalli. Ko kana tafiya gaba ka yi 236 sai Shoryuken ya fito, domin wasan ya karanta 6236, kuma 623 na cikinta. Maganin wannan, ka bar sandar ta koma 5 na ɗan lokaci, ko ka faro daga baya ka yi 41236.

Kuma a yi atisaye ta ɓangare biyu. Sau goma a jere kana hagu, sau goma kana dama, in ka kuskure ɗaya ka koma farko. Yawancin mutane ɓangare ɗaya suke iyawa, da an juya su sai hannu ya rikice.

Dan_Tekken: Ni dai shawarata ga sabo, ya cire shingen murabba'in da ke zuwa da sanda ya sa mai kusurwa takwas. Na kamfanin Sanwa sunansa GT-Y, yana shiga sandarsu samfurin JLF kai tsaye, ba a kwance ko noti ɗaya. Ƙugiyoyi huɗu ke riƙe da shingen, ka danna su ciki ɗaya bayan ɗaya ya fita. Kowace fuska tana da gurbinta, hannu yana jin inda yake.

Tsohon_Aked: Ɗan'uwa, a nan ban bi ka ba. Mai kusurwa takwas yana koya wa hannu jingina da bango, wato ainihin ɗabi'ar da muke son a bari. Sannan tafiyar zuwa 2, 4, 6 da 8 tana ƙaruwa, yankin kusurwa kuma yana raguwa. Ga mai wasa da Guile na Street Fighter ko duk wani mai cajin duka (wanda sai an riƙe fuska ɗaya na ɗan lokaci dukansa ke fita), murabba'i ya fi: ka kwantar da sanda a 1 ta zauna daram, kana tsare ƙasa, kana tara cajin baya da na ƙasa lokaci guda. Daga nan 6 da naushi Sonic Boom, 8 da shuri Flash Kick. Ban ce haramun ba ne, akwai waɗanda suka saba da shi suna kuma cin wasa. Amma a ba murabba'i makonni tukuna.

Dan_Tekken: Na yarda da batun caji. To amma ku ma ku yarda cewa Tekken da bukatarta daban. Ja da baya irin na 'yan Koriya, wato 4 4 1 kana maimaitawa, da naushin lantarkin 'yan gidan Mishima, 6 5 2 3 inda 3 da naushin dama dole su shiga a firem ɗaya, duk suna son sanda mai saurin komawa tsakiya. Firem ɗaya kashi ɗaya ne cikin sittin na daƙiƙa. Shi ya sa da yawa ke komawa sandar Koriya, irin su Crown da Taeyoung Fanta. Su ba sifirin ke mayar da su tsakiya ba, faifan roba ne mai kauri, kuma ana sayar da shi mataki-mataki na tauri. Kansu dogo ne, ba ƙwallo ba. A kula kafin saye: mai cikakken wuya yana bukatar rami na milimita 35 a murfin, alhali ramin akwatunan Japan ya fi haka ƙanƙanta. In ba ka son huda ƙarfe, nemi mai gajeren wuya da aka yi don ya zauna a mazaunin JLF. Ka kuma auna zurfin akwatinka, wasu sirara ba sa rufuwa da ita.

Injiniya_B: Bari in zayyana cikin JLF, tunda ita ce a yawancin akwatuna tun daga Mad Catz TE da ya fito tare da Street Fighter IV a 2009. Cire kebul daga na'ura tukuna. Ƙwallon yana kwancewa ne in ka sa sukundireba mai faɗin baki a tsagar da ke gindin sandar, ka riƙe, ka murɗa ƙwallon. Cire shinge, ɗaga allon makunnai huɗu. Abin da ya rage a kan sandar daga ƙasa: kilif ɗin ƙarfe, hular roba mai taɓa makunnai, sifirin, mazaunin sifirin, da wosha ta ƙarfe. A sama kuma akwai rabin ƙwallon roba da sandar ke juyawa a kansa.

Kilif ɗin nan shi ne fitina. Sifirin na tura shi, in ka ɓanɓare shi ba tare da ka tare ba, ya tashi ke nan, sai dai nema a ƙarƙashin kujera. Danna hular ƙasa da yatsa, rufe wurin da tafin hannu ko tsumma, sannan ka zare shi da ƙaramin sukundireba. Wajen mayarwa filaya ta fi. Hular kuma tana da fuska: ɓangare mai faɗi shi ke rufe sifirin yana taɓa makunnai, siririn shi ke bugun shinge. In ka juya ta, ko dai kusurwoyi su ɓace ko sandar ta riƙa jin wani iri.

Sifirin na asali bai kai fam ɗaya na ƙarfi ba, shi ya sa wasu ke cewa JLF ta yi sako-sako. Akwai na fam 2 da na fam 4. Na fam 2 ya isa ga mafi yawa. Na fam 4 yana gajiyar da yatsu, in akwatin ba shi da nauyi ma har jan sa yake yi a kan cinya. Hula mai ƙarin milimita 1 tana rage tazarar da sanda ke yi kafin makunni ya kama, umarni ya riƙa shiga da wuri, amma tsakiya tana ƙuntata, 5 ɗin da kake bukata tsakanin 6 da 6 wajen gudu tana iya ɓacewa. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a yi wasa da shi kwanaki. Wanda ya sauya sifirin da hula da shinge rana ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ya gyara wanne ya ɓata ba.

Giris: ɗan kaɗan na silikon a kan rabin ƙwallon nan da mazauninsa, kamar ƙwayar shinkafa. Shin-Etsu G-40M aka fi amfani da shi. Kada a sa man inji ko feshin kwance tsatsa, suna cin roba, suna kuma wanke giris ɗin asali.

Hauwa_236: Injiniya, ka manta da wayoyi, kuma nan mutane ke firgita su ɗauka sun ƙona wani abu.

Injiniya_B: Gaskiyarki 'yar'uwa. Allon JLF fulogi ɗaya gare shi mai fil biyar: fuska huɗu da waya ɗaya ta gama-gari, wadda ake kira giraun. In ka soka shi a juye, giraun ya faɗa gurbin wata fuska, sai ka ga fuska ɗaya kawai ke aiki ko abubuwa su cakuɗe. Babu abin da ya ƙone, juya fulogin. In kuma sama ta zama dama, dama ta zama ƙasa, allon ka mayar a karkace, tunda yana zama ta kowace fuska huɗu. Ɗauki hoto kafin ka taɓa komai. A tuna kuma, gindin sanda yana tafiya kishiyar kanta: in ka tura sama, makunnin da ke ɓangaren cikinka ne ke kamawa. Masu bin waya da mita su lura da wannan.

Sai ɗan makunnin da ke jikin wasu akwatuna mai DP, LS, RS, wanda ke zaɓar ko sandar za ta yi aiki a matsayin maɓallan fuska na fad (DP), ko ƙaramar sandarsa ta hagu (LS) ko ta dama (RS). A bar shi a DP. Sau da yawa “sandata ta mutu” wannan ne kawai ya goce.

Zee_Maɓalli: Ɓangaren dama ya fi sauƙi. Manyan maɓallai milimita 30 ne, ƙananan na farawa da zaɓi 24. OBSF-30 na Sanwa ƙugiya biyu ke riƙe shi, don siririn murfin ƙarfe aka yi shi. In murfinka katako ne ko mai kauri, OBSN-30 mai zoben ɗauri za ka nema, sai dai a duba ko zoben ba zai tokari farantin sanda ba a maɓallin da ya fi kusa da ita. Wajen cirewa a matse ƙugiyoyin biyu tare a tura daga ciki. In ka danna ɗaya da ƙarfi tana karyewa, musamman in maɓallin ya tsufa.

Wayoyin ba dalma ake musu ba, 'yan kawunan ƙarfe ne na milimita 2.8 da ake sokawa. Kama kan ƙarfen da filaya ka girgiza shi a hankali, kada ka ja wayar. Maɓalli ba ya da gaba da baya, kowace ƙafa ta karɓi kowace waya cikin biyun. A yi su ɗaya-ɗaya don kada a haɗa naushi da shuri. Maɓallin da ke ɗaukewa jefi-jefi, kafin ka zarge shi ka matse kan wayar da filaya, galibi ya saki ne.

Sanwa taɓawa kaɗan yake so, har ɗora yatsa yana iya kunna shi. Mai nauyin hannu ya gwada Seimitsu PS-14-G, ya fi tauri. Kuma yatsu uku ake shimfiɗawa a kan layi, manuni ga mai sauƙi, na tsakiya ga matsakaici, na kusa da ƙarami ga mai ƙarfi. Masu farautar maɓallai shida da yatsa ɗaya ba sa daɗewa kwambo ya gagare su.

Mai_Kwambo: Wanda akwatinsa ba ya aiki a sabuwar na'ura fa, sai ya sayi wani?

Injiniya_B: A'a, allon ƙwaƙwalwar kawai zai sauya. Allunan kamfanin Brook suna aiki da na'urori da dama, amma a karanta jerin na'urorin da kowane samfuri ke ɗauka, ba duka ne ke yin PS5 ba. Mai wasa a kwamfuta, ƙaramin allon Raspberry Pi Pico da manhajar GP2040-CE ta kyauta sun wadatar, ana saita ta daga burauza. Matsalarta a PS4 ita ce tantancewa: in babu abin da zai amsa wa na'urar, bayan minti takwas take yankewa. A kuma tabbatar allon na giraun gama-gari ne. Wasu masu arha wayar gama-garinsu mai wuta ce ta bolt 5, haɗa su da fitilu ko wani allo yana kawo rikici.

Mai niyyar ƙara maɓallan fuska ko komawa akwati marar sanda irin Hit Box ya duba yadda allonsa ke warware fuska biyu masu karo. Dokar Capcom Pro Tour ta 2023 ta ce sama da ƙasa tare su ba da tsakiya, hagu da dama ma haka. A GP2040-CE ana zaɓar wannan a shafin saiti, a Brook kuma ya danganta da manhajar da ke kan allon, don haka a gwada a filin atisaye: danna biyun tare, ka ga ko nunin umarni ya tsaya a 5.