Tambayar tarihin haihuwa a gidajen Damagaram: a ina lissafi ke zubewa?

Mai horas da masu ƙidaya, Zinder:
Assalamu alaikum. Binciken yawan jama'a da lafiya (EDSN) na 2012 ya ba Nijar haihuwa 7,6 ga kowace mace, na haihuwa da mace-macen ƙananan yara (ENAFEME) a 2021 ya ba da 6,2. Waɗannan alƙaluma na INS, cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, daga bakin mata 'yan shekara 15 zuwa 49 ake tsinto su, gida gida. Ku da kuka zauna kan tabarma kuna tambaya, a wane gurbi ne kuskure ya fi shiga, kuma da me ake toshe shi?

Shugabar ayari, Miriya:
Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya buɗe da "'ya'yanki nawa?" ya riga ya yi asara, don masu rai da ke gabanta uwar za ta ƙirga. Raba tambayar uku: na ɗakinta, na wani wuri, waɗanda suka rasu, kowanne maza da mata. Ka haɗa jimla ka maimaita mata kafin a shiga jero sunaye.

'Ya'ya iri uku ke sulalewa daga lissafi. Ɗan fari, saboda kunya: ba za ta kama sunansa ba, sau da yawa ma yana hannun kaka. Kada a matsa mata, a karɓi laƙabi. Sai ɗan riƙo, wanda ke ɓata lissafi ta fuska biyu, a manta wanda aka ba ƙanwar miji a Magarya, a saka na kishiya da take goyo. Kalmar da ke raba gardama ita ce "wanda kika haifa da cikinki". Na uku shi ya fi yawa: jaririn da ya koma kafin suna. Ba shi da suna, ba a yanka masa rago ba, uwar ba ta sa shi a lissafi. Duk inda tazara ta kai shekara huɗu tsakanin yara biyu, a tsaya a tambaya a hankali ko akwai wanda Allah bai raya ba.

Ungozoma mai ritaya, Birni:
Gaskiyarki, 'yar'uwa. Kuma "bai zo da rai ba" a bakin mata ba kullum yake nufin abin da takarda ke nufi ba. A tambaya: ya yi kuka? ya motsa? ya ja numfashi ko sau ɗaya? In eh, haihuwa ce mai rai, mutuwarsa kuma ta shiga lissafin jarirai.

Shekarun rasuwa ma akwai ƙa'ida: ƙasa da wata ɗaya a rubuta kwanaki, ƙasa da shekara biyu watanni. "Ya yi shekara" ba amsa ba ce. Ɗan wata 10 da ɗan wata 15 duk shekara ake ce musu, kuma in aka tara su a wata 12, mace-macen 'yan ƙasa da shekara ɗaya sai su fito ƙasa da gaskiya. Uwa ba ta manta matakin da ɗanta ya kai: yana zama, yana rarrafe, ya fara tafiya, an yaye shi? Ta gama wankan jego ko tana ciki? Wannan kaɗai ya raba kwana 40 da abin da ya wuce.

Malamin ƙididdiga, Sabon Gari:
Hajiya, shekarun uwar ma haka. Amsoshi kan taru a 20, 25, 30, 40. Takardar da aka yi wa mutum daga baya a kotu, mai cewa an haife shi "wajen" shekara kaza, ƙiyasi ce ita ma, wani lokaci an rage don shiga lakwal. Katin rigakafi ya fi ta aminci ga yara.

In babu takarda, a yi jadawalin abubuwan da kowa ya sani: rasuwar Kunce 1987, kisan Ba'are 1999, yunwar 2005, juyin mulkin da ya kifar da Tanja 2010, buɗe matatar mai ta SORAZ 2011, bikin Zinder Sabuwa 2018. A ƙauye, naɗin mai gari ko shekarar da aka gina rijiya ya fi waɗannan aiki, sai a zauna da dattawa a cike jadawalin tun ranar isowa. A kula da "watan azumi": yana ja baya kwana 11 kowace shekara, dole a haɗa shi da yanayi, damina ne, kaka, ɗari ko bazara.

Mai duba bayanai, Matamaye:
Ku yi haƙuri, ba duka laifin masu amsa ba ne. Yaro ƙasa da shekara biyar yana jawo dogon sashe: rigakafi, zawo, zazzaɓi, awon tsawo da nauyi. Mai tambaya da rana ta dafa sai ya tura ɗan huɗu da rabi zuwa shida, 'yar 15 ta koma 14, mai 49 ta zama 50, don su fita daga waɗanda ake tambaya. A kwamfuta abin ba ya ɓuya: shekarar iyaka ta rame, ta bayanta ta kumbura. A fitar da jadawalin shekarun nan kowane mako, ayari ayari, mutum mutum, a koma gida ɗaya cikin waɗanda mai tambaya ya yi a sake tambaya. In aka jira ƙarshen aiki, ba gyara.

Shugabar ayari, Miriya:
Haka ne, Yaya, amma rabin maganin yana wurin rabon aiki. Wanda aka ɗora wa gidaje fiye da ƙarfinsa zai yanke hanya ko ana duba shi.

Saura wurin zama. Mace ke tambayar mace, bayan an gaida mai unguwa an nemi izinin maigida. Kishiya ko uwar miji na kusa, zancen tsarin iyali ya mutu, don akwai masu yin allura ba da sanin gida ba. A fara da tambayoyin ruwa da makewayi a tsakar gida, in an zo na ciki a ce mata "mu shiga ɗaki, rana ta yi yawa". Da damina a zo bayan la'asar, ranar kasuwar garin kuwa kada ma a ɓata man mota.