Me ya sa Turancin Chaucer yake kama da Faransanci?

Maman Sadiq, Unguwar Rogo:
Salamu alaikum. Ina aji biyu a sashen Turanci, bana aka haɗa mu da gabatarwar Canterbury Tales, littafin tsohon marubucin Ingila Chaucer. Jiya da dare, ga sanyin Jos ga ba wuta, na ƙudundune cikin bargo da fitilar waya, layi goma sha takwas na farko suka cinye min awa biyu. Wasu kalmomin sai ka rantse Faransanci ne. Don Allah me ya kawo wannan gaurayen? Ba haddar jarrabawa nake so ba, so nake in gane mutanen.

Malam Garba, Bukuru:
Wa alaikumus salam, 'yata. Idonki bai yi miki ƙarya ba. A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ƙetaro daga Faransa, ya ci Sarki Harold da yaƙi a Hastings, ya raba ƙasar Ingila ga mutanensa. Daga nan fada ta koma Faransanci, coci da manyan littattafai suna Latin, Turanci ya zama na manomi da makiyayi. Misalin da na shekara ina ba ɗalibaina: dabba in tana garke sunanta cow ko sheep, bakin mai kiwo ke nan, in ta hau teburin mai gida sai ta koma beef da mutton, daga Faransanci. Sai 1362 aka yi dokar a riƙa shari'a da Turanci, lokacin Chaucer yana saurayi.

Mu bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Nana Asma'u da Larabci ta yi rubutu, da Fulatanci, da Hausa, kowanne da waɗanda take nufi. Ki ƙirga Larabcin da ke cikin waƙar wa'azi guda ta ajami, za ki ga Chaucer ɗinki a ciki.

Ɗan Gangare:
Malam, a ba ni izini in ƙara. Annobar 1348 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Ingila. Ma'aikatan gona suka yi ƙaranci, ƙwadago ya yi tsada, talaka ya fara ɗaga kai, har a 1381 suka yi bore kan harajin kai suka shiga Landan. Shi kuwa Chaucer ɗan mai sayar da giya ne, ya yi aikin kwastan a tashar jiragen ruwa ta Landan, yana lissafin ulu da fatu. Shi ya sa ya san bakin ɗan kasuwa da na mai niƙa da ya sa a littafinsa.

Abin da ya kama ni shi ne ayarin da ke cikin littafin. Mutum kusan talatin sun haɗu a masauki a Southwark, gefen Landan, za su ziyarci kabarin Thomas Becket, babban limamin cocin Canterbury da aka kashe a 1170, suna rage hanya da labari. Kakana da ƙafa ya je Makka ta Chadi da Sudan, kuma haka yake ba mu labarin ayarinsu: malami, wanzami, mai kuɗi, duk wuta ɗaya suke ji da dare.

Yaya, ki karanta da ƙarfi, ki furta "e" ɗin ƙarshen kalma inda awon baiti ya nema. Kunne ya fi ido gane shi.

Maman Sadiq:
Allah Ya saka da alheri. Na gwada bayan Asuba, har Sadiq ya farka yana tambaya ko waƙa nake. Malam, mako mai zuwa tsohuwar waƙar Turanci Beowulf za mu shiga. Shi ma akwai Faransancin?

Malam Garba:
Babu, ya riga Wiliyam. Kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, shi ma gobarar 1731 ta lashe gefunansa. Ki zo da shi ranar Asabar bayan La'asar mu duba tare.