Ta ina zan fara tsara darussan ƙaro ilimi na likitocin iyali?

Likitan Karkara:
Assalamu alaikum, manyana da abokan aiki. An ɗora mini tsara darussan ƙaro ilimi na shekara guda, don likitocin da ke duba marasa lafiya a asibitinmu da ƙananan asibitocin kewaye. Kun san hukumar MDCN, mai kula da aikin likitoci a Najeriya, tana neman maki 20 na ƙaro ilimi kowace shekara kafin a sabunta lasisi. Abin da ke damuna shi ne yadda muka mai da lamarin: a je otal, a ji lacca, a sa hannu, a karɓi takarda. Bara na yi awa uku ina jin bayanin na'urar da ba mu da ita. Washegari wata gyatuma mai ciwon suga ta tambaye ni ko za ta iya azumi, amsar da na ba ta ko ni ba ta gamsar da ni ba.

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ɗauko rajistarku ta wata shida, ka ƙirga abin da ya fi kawo mutane. Manhajarka tana nan ciki. Sannan ka bi lokutan shekara: suga da azumi a watan Sha'aban, maleriya da kwalara gab da damina, zazzaɓin Lassa farkon hunturu, sanƙarau kafin bazara. Ka bar gurbi biyu babu komai, saboda cutar da za ta iya ɓarkewa ba zato. Da mashaƙo ya ɓarke a Kano a 2023, matasan likitoci da yawa a littafi kawai suka san shi.

Likitar Mata da Yara:
Ranka ya daɗe, ka yi gaskiya, amma akwai saura. Da Turanci muka ci jarrabawa, da Hausa muke duba mutane. Mai jego ta zo da kumburin ƙafa da haki, ka san zuciya ce. To yaya za ka yi wa uwar mijinta maganar illar kunun kanwa da wankan jego ga zuciya ba tare da ta ji an raina ta ba? Idan ta fusata, ba za ta sake kawo yarinyar ba. Ku ware zama guda, wani ya zama likita, wani ya zama suruka, saura su yi gyara.

Likitan Karkara:
Allah ya saka da alheri. Gobe zan karɓo rajistar. Hajiya, idan kina da rubutaccen tsarin wannan zaman, ki taimaka mini da shi, da shi nake son buɗewa.