Fiame Naomi ta Samoa: cin amanar jam'iyya ko tsayawa kan doka?

Malam Habibu: Ina nan kan bakana. Fiame Naomi Mata'afa ta shiga majalisar Samoa, ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, a 1985 a ƙarƙashin jam'iyyar HRPP. Jam'iyyar ta ba ta minista a 1991, ta ɗaga ta zuwa mataimakiyar firaminista a 2016, sai ga shi a 2020 ta juya mata baya. Jam'iyyar FAST ta karɓe ta, ta kai ta kujerar firaminista, a 2025 ita ma suka rabu baran-baran. Jam'iyya biyu fa. Ni a wurina wannan cin amana ne.

Hajiya Rabi: Malam, ka faɗi fitarta, ka ɓoye abin da ya fitar da ita. A 2020 gwamnatin Firaminista Tuilaepa ta kawo dokoki uku da za su cire kotun filaye da sarautu daga ƙarƙashin Kotun Ƙoli. A ƙasar da kusan kashi 80 cikin ɗari na filaye ke hannun dangi bisa al'ada, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ta ƙi amincewa, ta ajiye muƙaminta. Mataimaka nawa ka sani da suka yi haka?

Malam Habibu: Ta ajiye ne don ta hango babbar kujera, Hajiya.

Hajiya Rabi: Wa ya hango ta a lokacin? HRPP na mulki kusan ba yankewa tun 1982, Tuilaepa na kai tun 1998. Zaɓen Afrilu 2021 ma kunnen doki aka yi tsakanin HRPP da FAST, kujeru 25 da 25, sai da ɗan takara mai zaman kansa ya koma FAST. Ranar 24 ga Mayu aka kulle ƙofar majalisa, a cikin tanti aka rantsar da ita a harabar ginin. Ba ta tura matasa su fasa ƙofa ba, sai ta jira hukuncin kotu, har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da rantsuwar ranar 23 ga Yuli. Wallahi wannan haƙurin ne ya sa nake ganin girmanta.

Aminu: Yaya Rabi, na yarda da ke a kan 2021, amma 2025 fa? La'auli Leuatea Schmidt shi ya kafa FAST, shi ya miƙa mata jagoranci. Tuhuma kawai aka yi masa, babu hukunci, ta sauke shi daga minista. Ina hallaci a nan?

Hajiya Rabi: Ƙanena, ministan da 'yan sanda suka gurfanar ya ci gaba da zama a majalisar ministoci? Sai da ta nemi ya sauka da kansa ya ƙi.

Aminu: To jama'a sun raba gardama. Kasafin kuɗinta ya faɗi a majalisa a watan Mayu, aka yi zaɓe a Agusta, FAST ta ci kujeru 30 cikin 51, sabuwar jam'iyyarta ta tashi da uku. La'auli ne ya gaje ta.

Malam Habibu: Madalla, Aminu.

Hajiya Rabi: Zaɓe ya nuna wanda ya fi magoya baya, wannan ban musa ba. Amma mutanen mazaɓarta ta Lotofaga, waɗanda suka fi kowa saninta, sun sake mayar da ita majalisa. Kuma har yanzu babu wanda ya amsa mini: da ita ta bar La'auli a kujerarsa da tuhuma a wuyansa, me za ku kira ta?