Ina yawan ganin marigayiya mahaifiyata a mafarki

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta rasu bara kafin azumi, kuma tun bayan sadakar arba'in nake yawan ganinta a mafarki, wani lokaci ma ina farke sai in ji ƙanshin turaren wutar da take yi wa ɗakinta. Gwaggona ta ce sadaka take nema, maƙwabciyata kuma ta ce aljani ne ya ɗauki kamarta. Shin da gaske mamaci yana ziyartar nasa?

Abu Safwan: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Mama. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mafarki iri uku ne: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da abin da mutum ya yini yana saƙawa a ransa. Ibnul Ƙayyim a littafinsa Kitabur Ruh ya tafi a kan cewa rayukan masu barci suna haɗuwa da na matattu, ya kafa hujja da aya ta 42 a Suratuz Zumar, ya kuma kawo labarin sahabi Sabit ɗan Ƙais, wanda bayan shahadarsa a yaƙin Yamama ya zo wa wani a mafarki ya faɗi inda sulkensa yake da bashin da ake binsa, Sayyidina Abubakar ya zartar da wasiyyar. Amma dawowar mamaci gida a farke ba ta da asali. Idan Mama ta bar bashi, ki fara da shi kafin sadakar.

Hajiya Ladi: 'Yata, ni ma haka na yi fama lokacin takaba. Duk magariba sai in ji kamar takun Malam a zaure, har in miƙe in ɗauko buta. Ban gaya wa kowa ba don kada a ce na zautu.

Ɗan Gwauron Dutse: Yaya, ba na ganin akwai aljani a ƙanshin nan. Likita Dewi Rees ya yi bincike a Wales a 1971, ya tarar kusan rabin waɗanda mazansu ko matansu suka rasu suna jin kamar mamacin yana kusa da su, yawancinsu kuma sun ce hakan yana sanyaya musu zuciya. Sai dai idan abin ya hana ki barci ko cin abinci, ko kina jin ana kiranki ki bi ta, to ki ga likita tun da wuri, kada a tsaya ga hayaƙi da rubutu kaɗai.